Man makero da hasken rana: yadda ake gwajin, da iyakar abin da yake tabbatarwa

Duk wanda ya taɓa warware 'yar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani, ya daure ya bi ƙananan rubutunta, ya san tana iya ɗaure kai. Ga magungunan shafawa biyu, aikinsu ɗaya, kashe ƙwayar cutar da ke ɓata fata. Takardar ɗaya ta yi maganar hasken rana, ta ɗayan ba ta ce uffan ba. A kantin magani kuma, masu kemis sun saba jin koke iri ɗaya daga bakin masu saye: "Na shafa man nan na fita kasuwa, kafin la'asar wurin ya ɗau zafi kamar an zuba barkono," ko kuma "makeron ya mutu, amma ya bar mini baƙin tabo." Daga nan sai kowa ya kawo tasa fassarar. Wani ya ce man jabu ne, wani ya ce jinin mutum ne bai karɓa ba, wani ya ɗora wa rana laifi.

A wurin masu binciken magani zancen yana da tsari. Kafin a amince da sabon maganin shafawa a Amurka, Turai ko Japan, sai kamfanin da ya yi shi ya amsa tambaya guda: shin abin da ke cikin man zai iya haɗa baki da hasken rana ya cutar da fata? Neman amsar yana bin matakai, tun daga kwalbar gwaji har zuwa gadon bayan mutum. Wanda ya san matakan shi ne zai gane abin da ake nufi idan an ce "an gwada, bai nuna illa ba", da abin da maganar ta ƙunsa, da abin da ta bari a waje.

Illa biyu da ake kira da suna ɗaya

Makero, ƙyasfi da ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa duk aikin fangas ne, wasu ƙananan halittu 'yan uwan funfunar da ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu. Magungunan da ake shafa musu suna da sunaye a jikin kwali irin su clotrimazole, miconazole, ketoconazole, terbinafine, naftifine da luliconazole.

Hasken rana kuwa ya wuce abin da ido ke gani. A cikinsa akwai UVB, mai tsawon zango daga nanomita 280 zuwa 315 (nanomita ɗan ƙanƙanin ma'auni ne da ake auna zangon haske da shi), wanda shi ne ke ƙona fata kai tsaye. Akwai kuma UVA, daga 315 zuwa 400, wanda ya fi nutsawa cikin fata, yana kuma ratsa gilashin taga na yau da kullum. Yawancin rigimar da ke tsakanin magani da rana, UVA ne ke kunna ta.

Illa ta farko ita ce gubar haske. Sinadarin maganin yana haɗiye ƙarfin hasken, sai ya sauke shi a kan ƙwayoyin fata ko a kan iskar oksijin da ke cikinsu, a sami wasu sinadarai masu ɓarna da ke yayyaga bangon ƙwayoyin. Garkuwar jiki ba ta da hannu a ciki. Kowa na iya gamuwa da ita tun shafawar farko, muddin maganin ya kai yawa, hasken ma ya kai. Cikin mintuna ko 'yan sa'o'i take bayyana, da zafi, da kumburi, wani lokacin har da bororo, kuma ba ta tsallake inda man da hasken suka haɗu. Misalinta yana cikin kicin: ruwan lemun tsami, musamman na ɓawonsa, idan ya zauna a bayan hannu aka shiga rana da shi, yana iya barin ƙuna, daga baya baƙin zane ya fito daidai inda ruwan ya gangara.

Ta biyu ita ce alajin haske. A nan hasken yana sauya siffar sinadarin, sabon abin ya manne da furotin ɗin fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba. Karon farko ba a ganin komai, domin jiki yana koyon fuskar baƙon ne. Sai an sake haɗuwa, bayan kwana ɗaya zuwa uku, ƙaiƙayi ya taso da ƙananan ƙuraje masu ruwa, har su iya yaɗuwa zuwa inda tufa ta rufe. Mutane ƙalilan take kamawa, amma wanda ta kama ɗigo kaɗan ya ishe shi, kuma yawanci jiki ba ya mantawa. Tun da hanyoyin biyu sun bambanta, gwajin ɗaya ba ya tsaya wa ɗayan.

Sabulun Ingila da man Ostireliya

Ba a fara wannan gwaji don nishaɗin masana ba. A 1960 da 1961, likitocin fata a Ingila suka fara ganin mutane da kumburarrun fuskoki da bayan hannuwa, yayin da sassan da riga ke rufewa suke lafiya lau. Likita Darrell Wilkinson ya bi sawun abin, a 1961 ya bayyana cewa wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da aka zuba a sabulun wanka, wanda ake taƙaita sunansa da TCSA, shi ne sanadi. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 10,000 abin ya shafa kafin a janye shi. Wasu daga cikinsu, ko bayan sun daina taɓa sabulun, sun shafe shekaru ba sa iya tsayawa a rana.

Bayan 'yan shekaru ne likitoci a Ostireliya suka ba da rahoton irin wannan alaji daga magungunan fangas na shafawa guda biyu, fentichlor da buclosamide. Ƙasa ce mai rana sosai, mafi yawan mutanenta kuma farare ne, shi ya sa abin bai ɓuya ba. A 1975 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta haramta TCSA da wasu 'yan uwansa a kayan kwalliya. Tun daga lokacin, duk sinadarin da aka ƙera don ya kashe ƙwayar cuta a saman fata ana kallonsa da idon tuhuma har sai ya wanke kansa.

Kafin a taɓa mutum

Yau ƙa'idar da manyan hukumomi ke bi ita ce wadda majalisar daidaita dokokin magani ta ICH ta amince da ita a Nuwamban 2013, mai lamba S10. Ta ce abu uku ne sai sun taru kafin magani ya yi illa da haske: ya zama yana haɗiyar hasken da ke tsakanin nanomita 290 da 700, haɗiyar ta haifar da sinadari mai ɓarna, sannan maganin ya isa fata ko ido da yawan da zai yi tasiri. An fara daga 290 ne domin abin da ke ƙasa da haka, rufin ozon na sararin samaniya yana tare shi.

Ga maganin shafawa, sharaɗi na uku ya riga ya cika, tun da a kan fatar ake ɗora shi. Don haka ana farawa da na'urar auna haɗiyar haske. Idan ƙarfin haɗiyar sinadarin bai kai 1,000 a ma'aunin da ake amfani da shi ba, ƙa'idar ta ce a tsaya nan, ba a buƙatar wani gwajin. Tsofaffin magunguna irin su clotrimazole da miconazole kusan duk haɗiyarsu tana ƙasa da 290, shi ya sa ba kasafai ake jin sunansu a wannan babi ba, duk da ɗimbin masu shafa su.

Wanda ya haye wannan iyaka sai a kai shi gwajin ƙwayoyin halitta. Mafi shahara shi ne wanda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, ta amince da shi a 2004, mai lamba 432. Ana shuka ƙwayoyin ɓera da ake kira 3T3 a faranti biyu, kowane mai ramuka 96, a zuba musu maganin a ƙarfi takwas daban-daban. Faranti ɗaya a haska shi da UVA na jul 5 (ma'aunin yawan hasken) a kowane murabba'in santimita, ɗayan a ajiye shi cikin duhu. Washegari a zuba wani jan rini wanda ƙwaya mai rai ce kawai ke shanye shi. Idan yawan maganin da ya kashe rabin ƙwayoyin a cikin haske ya gaza na cikin duhu da fiye da ninki biyar, an ce yana da gubar haske. Ƙasa da ninki biyu, babu. Abin da ya faɗa tsakani yana buƙatar ƙarin bincike.

Wannan gwaji mai saurin kururuwa ne. In ya ce babu, an yarda da shi ƙwarai. In ya ce akwai, sau da yawa ana zuwa jikin mutum a tarar ba haka ba, domin ƙwaya tsirara a faranti ba ta da kariyar da fata ke da ita. Kuma ba ya karɓar kirim mai kauri. Saboda haka aka samar da fatar mutum da ake rainawa a ɗakin gwaji, wadda za a iya shafa mata ainihin man, kuma OECD ta amince da wannan hanya a 2021. Duk waɗannan gubar haske suke nema. Alajin haske kuwa, ƙa'idar S10 da kanta ta ce babu gwajin dabba ko na faranti da aka tabbatar yana hango abin da zai faru a jikin mutum. Dole sai an je ga mutum, kuma da ainihin man da za a sayar.

A gadon bayan ɗan sa-kai

Masu shiga gwajin lafiyayyun manya ne, ba masu makero ba. Ba a ɗaukar mai juna biyu, ko mai shan maganin da aka san yana faɗa da rana, ko wanda bayansa ke da tabo ko zanen da zai hana ganin launin fata. Ana zaɓar baya ne domin yana da faɗi, kuma rana ba ta cika dukansa ba.

Ranar farko ba a shafa komai. Mutum zai kwanta rub da ciki, a kawo fitila mai kwaikwayon hasken rana, a haska masa ƙananan wurare biyar ko shida a jere, kowane bai wuce faɗin kwabo ba, kowane kuma haskensa ya ɗara na bayansa. Washegari a duba wurin da ya fara yin ja mai iyaka bayyananniya. Wannan shi ne ma'aunin mutumin, wato mafi ƙarancin hasken da ke sa fatarsa ta yi ja, kuma da shi za a lissafa duk hasken da za a ba shi nan gaba.

A gwajin gubar haske, wanda galibi ake yi da kimanin mutum 30, ana manna filasta jeri biyu, hagu da dama. A kowane jeri akwai mai ɗauke da man, akwai mai ɗauke da fankon man, wato kirim ɗin da aka haɗa da komai amma ba a zuba sinadarin maganin ba. Bayan awa 24 a cire. Jeri ɗaya a haska shi da UVA, a ƙara da ɗan hasken da bai kai ma'aunin mutumin ba, don kada fitilar kaɗai ta ƙona shi. Ɗaya jerin a rufe shi ruf. Ana kuma haska wani wuri da ba a shafa masa komai ba. Sai a riƙa dubawa bayan awa 24, 48 da 72, ana ba kowane wuri maki, daga sifiri zuwa ja mai kumburi ko bororo. Mai ba da makin bai san wace filasta ce ta ɗauki mene ne ba.

Hikimar gwajin tana cikin kwatancen. In wurin da ya sha mai da haske ne kaɗai ya tashi, laifin na haɗuwarsu ne. In wuraren man biyu suka tashi, na haske da na duhu, to man ne ke cin fata da kansa. In fankon man ma ya tayar, sai a koma kan kayan haɗin, irin su turare ko sinadarin hana lalacewa. In har fatar da ba a shafa wa komai ba ta yi ja daidai da sauran, hasken ne ya yi yawa.

Gwajin alaji ya fi tsawo, wajen mako shida, da mutum 45 zuwa 50. Tsarinsa ya samo asali daga aikin da likitocin fata Kays Kaidbey da Albert Kligman suka wallafa a 1980. Mako uku na farko ana manna man a wuri guda sau biyu a mako, kowane karo a bar shi awa 24, a cire, a haska wurin da hasken da ya zarce ma'aunin mutumin. Da gangan ake tsokanar garkuwar jiki. Sai a huta kimanin mako biyu, lokacin da jiki ke buƙata don ya haddace baƙon idan zai haddace. Daga nan a koma sabon wuri da bai taɓa ganin man ba, a manna filasta biyu, a haska ɗaya, a bar ɗaya, a bi su har kwana uku. Wanda ya nuna alamar shakku akan sake gwada shi daga baya.

Mutum 9 cikin 53

Akwai misali a rubuce da ke nuna yadda sakamako ke buƙatar karatu da natsuwa. A 2007 FDA ta amince da wani maganin ketoconazole mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, wanda aka yi shi a siffar kumfa, mai suna Extina, don amosanin kai da na fuska. Takardarsa ta bayyana cewa a gwajin alajin haske, mutum 9 cikin 53, wato kashi 17 cikin ɗari, fatarsu ta tashi a matakin ƙarshe, a wurin da aka haska da wurin da ba a haska ba. An kuma sa gargaɗi cewa yana iya jawo alajin taɓawa, har da na haske.

Mai karatu cikin gaggawa zai ce rana ce. Amma tun da wurin duhu ma ya tashi, abin da ya fi fitowa fili shi ne jikin waɗannan mutane ya ƙi man ko da babu haske, sai dai ba a iya wanke hasken gaba ɗaya ba, shi ya sa aka ambace shi. Abu na biyu, ketoconazole ba sabo ba ne, tun shekarun 1980 ake shafa kirim ɗinsa. Kumfar ce sabuwa, mai ɗauke da sifirit da wasu kayan haɗi. Ke nan sakamakon gwaji na wannan haɗin ne da aka gwada, ba na duk abin da aka rubuta wa sunan sinadarin ba.

Inda ra'ayi ya rabu

Kamfanoni da yawancin hukumomi suna ganin tsarin matakai ya wadatar. Hujjarsu ita ce kafin 2013 ana ta gwaje-gwajen da ba su da amfani, ana kashe dabbobi da kuɗi a kan sinadarin da ko hasken ba ya haɗiya, ana kuma jinkirta maganin da marasa lafiya ke jira. Ga gubar haske musamman, mutum 30 ba kaɗan ba ne, tun da abu ne da ke kama kusan kowa idan yana nan.

Likitocin fata da ke ganin marasa lafiya kullum sun fi damuwa da ɓangaren alaji. Lissafi ya nuna cewa idan aka gwada mutum 50 ba a sami ko ɗaya ba, abin da za a iya cewa da ƙarfin gwiwa shi ne matsalar ba ta wuce kimanin kashi 6 cikin ɗari ba. Alajin da ke kama mutum ɗaya cikin dubu zai wuce ta gaban gwajin ba a gan shi ba. Suna kafa hujja da man ciwon gaɓɓai na ketoprofen, wanda sai da ya shekara da shekaru a kasuwa kafin rahotannin alajin haske suka taru har Faransa ta dakatar da shi a ƙarshen 2009. A 2010 hukumar magunguna ta Turai ta bar shi a kasuwa, amma sai da takardar likita, da sharaɗin a kare wurin daga rana lokacin shafawa da mako biyu bayan an daina. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: gwajin kafin sayarwa yana kama babbar matsala, ƙaramar kuwa sai rahoton masu amfani.

Saɓani na biyu ya fi kusa da mai karanta Hausa. Ana rarraba fata da ma'aunin da Thomas Fitzpatrick na Jami'ar Harvard ya ƙirƙira a 1975, wanda da farko aji huɗu ne na fararen fata, daga baya aka ƙara na biyar da na shida. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje aji na ɗaya zuwa na uku suke ɗauka, wani lokacin har na huɗu. Masu kare wannan suna cewa ja shi ne abin da ake aunawa, a farar fata ake ganinsa sosai, kuma ita ce ta fi rauni a gaban haske, don haka abin da bai tayar da ita ba da wuya ya tayar da baƙa. Akwai gaskiya a ciki: wani bincike na 1979 ya nuna cewa saman baƙar fata yana barin kusan kashi 18 cikin ɗari na UVA ya wuce, na farar fata kuwa kusan kashi 55.

Masu suka suna amsawa da cewa kashi 18 ba sifiri ba ne, kuma maganin shafawa yana zaune ne a saman fata, inda yake fara gamuwa da hasken. Sannan abin da ya fi damun mai baƙar fata ba jan kwana uku ba ne, baƙin tabon da kumburi ke bari ne, wanda kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Gwajin da aka rufe littafinsa bayan awa 72 a kan farar fata ba a tsara shi don ya ga wannan ba. A nan hujjar masu suka ta fi nauyi, domin tambayar da suke yi ba ta cikin abin da aka auna tun farko.

Na uku zancen hakki ne. Gwajin alaji yana iya dasa wa lafiyayyen mutum alajin da zai zauna da shi har ƙarshen rayuwa. Kwamitin kimiyya na Tarayyar Turai mai duba kayan kwalliya yana ganin tsokanar alaji a jikin mutum da gangan bai dace ba. A fagen magani kuwa an yarda da shi, bisa hujjar cewa gara a gano a mutum 50 da suka amince, ana kuma lura da su, da a gano a dubbai da ba su sani ba. Tarihin fannin ma yana da tabo. An kira Kligman zuwa kurkukun Holmesburg na birnin Filadalfiya ta Amurka a 1951 don duba cutar fangas ta ƙafa da ta addabi fursunoni, ya ci gaba da gwaje-gwaje a jikinsu har 1974, mafi yawansu baƙaƙen fata. A 2022 birnin ya nemi gafara a hukumance. Mutanen Kano, da har yanzu suke tuna gwajin maganin sanƙarau na 1996, sun san irin wannan ciwo. Duk kiran da ake yi na a shigar da baƙar fata cikin gwaji, sai ya zo da kwamitin ɗa'a mai haƙora, da bayani a harshen da ɗan sa-kai ke ji, da 'yancin fita a duk lokacin da ya so.

Abin da ya shafi mai saye a kemis

Ga manomi, ɗan acaɓa ko mai talla da ke yini a ƙarƙashin ranar bazara, labarin farko mai sauƙi ne. Sanannun mayukan fangas masu sinadari ɗaya ba sa cikin magungunan da aka fi sani da faɗa da rana. Barin makero ya ci gaba da yaɗuwa don tsoron rana ya fi zama asara, balle ma sau da yawa a matsematsi yake, ko tsakanin yatsu, inda rana ba ta kaiwa.

Magungunan fangas na sha sun fi buƙatar lura. Griseofulvin, wanda ake ba yara masu makeron kai na makonni, an san yana iya sa fata ta ƙi rana. Voriconazole, na cututtukan fangas masu tsanani, takardarsa tana gargaɗi kan gubar haske, har da kansar fata ga masu daɗewa a kansa. Sau da yawa kuma mai laifin ba maganin fangas ba ne ko kaɗan. Maganin bakteriya na doxycycline, maganin hawan jini na hydrochlorothiazide da maganin ciwon jiki na piroxicam duk suna yin haka. In fuska, wuya da bayan hannu suka tashi gaba ɗaya, amma ƙarƙashin haɓa da bayan kunne suka tsira, abin da aka haɗiya ya fi zama abin tuhuma fiye da abin da aka shafa a wuri guda.

Babban giɓin yana wurin da gwaji bai taɓa kaiwa ba. A kasuwanninmu an fi sayen man nan mai haɗi uku, maganin fangas da na bakteriya da sitiroyid mai ƙarfi irin su clobetasol ko betamethasone. Sitiroyid yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, yana ɓoye makero yayin da yake ƙara faɗi, in an daɗe a kansa kuma fata ta yi siriri, ta rasa juriyar rana. Da yawa suna matse bututun cikin man shafawarsu, a ƙara man bilicin, a ƙara turare, wata ma ta matsa lemun tsami. Wannan haɗi na cikin robar gida babu fitilar da ta taɓa haska shi a bayan kowa. Zabiya da mai fatar da bilicin ya riga ya cinye su ma ba sa cikin waɗanda aka gwada, kuma su ne suka fi buƙatar riga mai dogon hannu da malafa.

Ƙyasfi yana da nasa ruɗanin. Ƙwayar da ke kawo shi tana rage launin fata a inda ta zauna. Bayan magani ya kashe ta, wurin kan ɗauki makonni ko watanni kafin launinsa ya dawo, rana kuma tana ƙara duhunta kewayensa, sai farin tabon ya ƙara fitowa. Mutum ya ɗauka man ne ya ƙone shi, alhali warkewa ce ba ta kammala ba.

Wanda ya ga wurin da ya shafa ya ɗau zafi, ya kumbura ko ya yi ƙuraje bayan shiga rana, ya dakatar da man, ya wanke wurin, ya rufe shi da tufa mai kauri. Komawa shafawa da dare kawai ba ya kawar da haɗarin, domin waɗannan magunguna suna daɗewa a saman fata. Ya ɗauki hoton wurin da waya tun yana ɗanye, ya tafi wurin likita ko mai harhaɗa magunguna da bututun da kwalinsa, da duk abin da yake sha ko yake haɗawa da shi. In bororo ya yi yawa, ko fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti za a nufa a ranar. A Najeriya hukumar NAFDAC tana karɓar rahoton illar magani ta hannun ma'aikatan lafiya, da kuma ta manhajar waya ta Med Safety, wadda ake amfani da ita a Gana ma. Abin da rahoton ke buƙata yana jikin kwalin: sunan maganin, lambar rukunin da aka yi shi, da ranar ƙarewar wa'adinsa, sai mutum ya ƙara da ranar da ya fara shafawa da ranar da fatar ta tashi.